Ranar da na sa wa jirgin ƙasa na'urar sanyi

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin raba kyaututtuka na makarantarmu a Rabah. Ni ke koyar da Turanci, don haka da baƙuwarmu, wata injiniyar jiragen ƙasa, ta tashi yin jawabi da Turanci, shugaban makaranta ya miƙo mini lasifika in fassara wa iyaye. (Lokacin ana maganar ba ni muƙamin mataimakinsa, sai na karɓa har da gyaran hula.)

Gaisuwa ta tafi lafiya. Sai baƙuwar ta shiga bayanin injinan da ke juya ƙafafun jirgin lantarki, wai iri biyu ne, AC da DC. Ni kuwa AC ɗaya na sani a duniya, mai sanyaya ofis.

Na ce, "Ta ce jirgi iri biyu ne. Akwai mai sanyi, akwai DC, wato... marar sanyi."

Ta ce burushin DC yana cinyewa, kullum sai an canza. Burushi kuma? A jirgi? Na ce, "Marar sanyin, da yake tagoginsa a buɗe suke, ƙura na shiga, shara ba ta ƙarewa." Iyaye suka gyaɗa kai. Ta ce AC ya fi jan kaya masu nauyi. Na ce ai dole, direba ya sha iska.

Sai wani dattijo manomin albasa daga Goronyo ya miƙe. "Malam, tambaya mani ita, mai sanyin nan shina kai albasa Ikko ba ta ruɓe ba?"

Ban ma juya wurinta ba. Na ce, "Baba, har ƙanƙara za ta yi."

Nan baƙuwar ta miƙo hannu ta karɓi lasifikar.

"Baba, ina wuni? Ni ɗiyar Wurno ce. Malam, mi kaka hwaɗa masu tun ɗazu?"

Wallahi na nemi ƙasa ta tsage. Cikin Hausar da ta fi tawa ta ce DC wuta ce mai bin hanya ɗaya, irin ta batir, kuma burushin ɗan gawayi ne da ke gogar injin yana ba shi wuta. AC tana kai da komo, injinta ba ya son gawayi, shi ya sa bai cika lalacewa ba.

Dattijon ya ce, "Af! Kamar injin ban-ruwana ke nan. Wanga ai na sani. To sanyin hwa?"

"Babu, Baba."

Ya dube ni, ya zauna a hankali.

Wata biyu ɗalibai na tambayata ko ajinmu AC ne ko DC. Yanzu in ban gane magana ba, cewa nake a maimaita. Kuma kafin in yi wa baƙo tafinta, sai na tambayi garinsu.