Ankon Bikin Nafi'u

Wa ya aike ku buɗe akwatin uwarku, balle ku zo ku tsare ni da tambaya? Mu da muna yara, ko kallon akwatin babba ba ma yi. To, tunda kun ga ankonta ruwan hoda ne, a hoton bango kuma kowa ruwan goro, ku zauna ku ji, kada a sake tambayata.

Lokacin bikin baffanku Nafi'u, autana, dangin amarya suka fitar da anko ɗaya, mu da su. Maimakon su aiko da ƙyalle kamar yadda mutanen kirki ke yi, sai suka turo hoton atamfar ta waya daga Funtuwa. Hoton ya bi ta wayar wannan, ya bi ta wayar waccan, kafin ya iso tawa. Matan gidan nan duk suka ba da sautu can. Ni kuwa ba na sautun abin da zan ɗaura. Na je kasuwa da ƙafata, na yi ta kara wayar a jikin turmi bayan turmi har na sami daidai da hoton: zane iri ɗaya, ruwan goro sak.

Ranar wuni ina shiga na tarar fili ya cika da ruwan hoda. Ni kaɗai, kamar ɗigon manja a ƙwaryar nono. Har na ji wata gwaggon amarya tana tambaya a bayana ko baƙuwa ce ta ɓato hanya. Uwar ango guda. Na zauna a tsakiya aka ɗauki hoto.

Bayan biki mai hoton, wani Sabi'u, ya kawo in gani kafin ya wanke. Ya durƙusa yana ta ba ni haƙuri, wai ba laifin idona ba ne. Wai waya ba ta ajiye launi, lambobi take ajiyewa: kowane ɗigo a hoto da lambarsa ta ja, da ta kore, da ta shuɗi. In za a tura sai a matse hoton don ya yi sauƙin tafiya, wasu lambobin su goce. Kuma kowace waya da yadda take nuna su, balle tawa da ta kwana biyu. Na ce ai ni tun ranar da aka sayo ta na san ba ta da amana.

"Hajiya, kada ki damu," in ji shi. "Tunda lambobi ne, yanzu zan canza naki ya koma irin nasu. Ba wanda zai gane kin yi kuskure."

Na dube shi sama da ƙasa, na tambaye shi ko canjin yana da wahala. Ya ce ko kaɗan, ko mutum ɗari ne, dannawa ce kawai.

Na ce, "To, ni na haifi ango. Gyara nasu."

Ku tashi ku kwanta. Kuma a mayar da zanen nan inda aka ɗauko shi.