Haɗa Tarun Zamani

Tun muna jihar Sakkwato ofishinmu na Yelwa ya samu kwamfuta biyu, ni kuma na dawo daga wani ɗan kwas ina jin duk gaɓar Kainji babu kamar ni. Sai na shirya koya wa ma'aikata yadda ake haɗa kwamfuta da kwamfuta ta waya. Na sa aka share zaure, na jera benci, na gwada wayoyin har sau uku.

Saura sanarwa. Abokin aikina Malam Garba ya ce in bar kalmar "netwok" yadda take. Na ce Allah ya kiyaye, Hausa ba ta gaza ba. Tunda "net" taru ne da Turanci, na fassara da kaina, na ba mai shela: za a koyar da haɗa tarun zamani, kowa zai taɓa da hannunsa.

Ranar horon na iso cikin babbar riga, na tarar zauren ya cika da masunta. Wasu tun daga Wara da Shanga suka tuƙo jirgi, kowa da yagaggen tarunsa a kafaɗa. Ma'aikata ko wurin zama ba su samu ba.

Wani dattijo ya ɗauki wayar, ya ja ta, ya girgiza kai.

"Malam, wanga zare ko karfasa ba shi riƙewa. Ina tarun da anka ce?"

Ina bayani gumi na zuba, su kuwa suka baje tarunansu suna ɗinki, suna ta hira abinsu.

Har yau in na ratsa kasuwar kifi sai an ɗaga murya: "Sarkin Taru, ya kamu?" Uwargida ma in tana marmarin tarwaɗa, cewa take in kunna kwamfuta.