Sojan Rum Mai Gammo

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga rundunar Rumawa a Dubai ba. Ni ɗin nan, da ko ɗan tauri ya zaro wuƙa a wajen biki sai na laɓe a bayan mutane.

Ni kafinta ne. A Kano gadajen amare nake yi da durowa mai madubi, irin waɗanda in 'yan ganin ɗaki suka shiga sai sun tambayi wanda ya yi. Amma da na zo Dubai a shekarun dubu biyu da 'yan kai, sai na ƙare a wani sito a Al Khabaisi ina buga akwatunan kago. Katako, ƙusa, guduma, a tura kwantena. Abin yana ci min rai ƙwarai. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sari har suna suka laƙaba min, wai Mai Akwati, kuma jagoran masu tsokanar shi ne Alhaji Sabo, wani mai sarin leshi da bakinsa ba ya hutu.

Abokin zamana a ɗaki Isufu ne, mutumin Maraɗi, yana aiki a ɗakin karatu na wata makarantar Turawa. Wata rana ya shigo da hoton wata garkuwa a hannu yana murmushi. Ya ce akwai wasu iyayen yara da ke da ƙungiya, sukan yi shigar sojojin Rum na da can, su yi fareti a ranar bikin tarihi ta makarantar. Garkuwa ɗaya ta rage musu, da mutum ɗaya da zai riƙe ta.

"Mon ami, ka saurara," in ji shi. "Shugabansu, Marko, Baturen Italiya ne, kamfanin kujeru da gadaje gare shi, kuma kafinta yake nema. In ka burge shi, kai da akwatin kago khalas!"

Ai ban bari ya rufe baki ba. Na fizge hoton na ce ya ba ni mako biyu.

Garkuwar Rum ba irin tamu ta fata ba ce. Doguwa ce, daga kafaɗa har gwiwa, a lanƙwashe kamar an tsaga ganga gida biyu, da wani ƙarfe mai kama da kwano a tsakiya. Na samo siraran falankai, na shafe su da gam, na jera ɗaya bisa ɗaya, na naɗe su a jikin durom na ɗaure da igiya har suka bushe a lanƙwashe. Na hau abra, kwalekwalen fasinjansu, na tsallaka zuwa Bur Dubai na yanko yadi mai kauri na lulluɓe ta, na yi mata jan fenti, na zana fukafukai da walƙiya da ruwan ɗorawa, na bi gefenta da fata. Ƙarfen tsakiya kuwa (a rufa min asiri) kwanon silba na sayo a Al Sabkha, na goge shi har ina ganin haƙorana a ciki. Na huda rami a tsakiyar garkuwar inda hannu zai shiga, na kife kwanon a kai.

Inda na fi kashe lokaci shi ne daidaita nauyinta. Maigidana na Kano ya koya min cewa ƙofar da gefe ɗaya ya fi nauyi ba ta daɗewa. Sai in ɗora garkuwar a kan tsinin sanda, in ta karkata dama in fere dama, in ta yi hagu in fere hagu, har ta zauna cak ba ta motsi. Isufu yana kallo yana cewa na haukace.

Saura mariƙi. Hoton nan gaban garkuwar kawai ya nuna, babu bayanta. Isufu ya ce bari ya tambayo yadda suke yi. Na ce masa, "Haba Isufu! Ni da na sa wa durowar amare hannu ba adadi, ni za a koya wa mariƙi?" Na je na zaɓo hannun durowa ruwan gwal mai zanen furanni, na kafa shi a tsaye da 'yan ƙananan sukurori. Wallahi ya yi kyau. Na ja baya ina kallonsa ina jin kaina.

Don dai in rufe bakin Alhaji Sabo, har gayyatarsa na yi, shi kuma ya kwaso duk wani Bakano da ya gani a unguwar Deira.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci cunkoson mota ya riƙe mu, muka isa ana dab da farawa. Marko, wani gajere mai faɗin ƙirji, ya dubi gaban garkuwar ya yi fito, ya ɗaga min babban yatsa. Bai juya ta ba. Aka ba ni jar riga iya gwiwa (na bar wandona a ƙasa, ni ba zan nuna wa duniya ƙwaurina ba), da takobin katako, da wani ƙyalle na ɗaurawa a wuya. Hular ƙarfe ce dai aka rasa wadda za ta shige ni. Tun ina yaro ake ce min mai kan tulu, ranar na tabbatar ba sharri ake min ba. Marko ya ce ba komai, a sa ni a tsakiyar sahu inda ba mai gani. Isufu ma aka cusa shi a gefena, a madadin wani da bai zo ba.

A sahun ne na leƙa bayan garkuwar na kusa da ni, sai na gane kuskurena. Mariƙinsa katako ne mai kauri, a kwance, an dasa shi da manyan ƙusoshi, yana riƙe da shi kamar mai ɗaukar bokiti. Nawa kuwa yatsu uku ne kawai suka shiga.

Muka yi fareti lafiya, har aka zo abin da kowa ke jira, wanda suke kira kunkuru. Na gaba su kare gaba da garkuwoyinsu, mu na tsakiya mu ɗaga namu sama mu yi rufi, sannan a saki 'yan makaranta su yi ta jifan mu da ƙwallaye a madadin kibau. Marko ya daka tsawa, na ɗaga tawa da ƙarfi irin na mai neman aiki. Sai na ji ƙaras! Hannun durowa ya taho a hannuna, garkuwa ta sauko min a ka.

"Isufu," na ce da raɗa, "mariƙi ya cire."

"Innalillahi! C'est fini, mun shiga uku," in ji shi. "In taka ta faɗi, rami ne a tsakiyar kunkuru."

To, ɗan Kano in kaya ya hau kansa, abu ɗaya ya sani. Isufu ya tallafe min gefe da gwiwar hannu, na warware ƙyallen wuyana, na naɗa gammo, na cusa tsakanin kaina da ramin kwanon nan. Ta zauna daram. Ƙwallaye suna ta sauka, rana tana dukan mu, ina jin Turawan nan suna nishi. Ni ko a jikina. Har na fara jin tausayinsu.

Ban yi tunanin ƙarshen abin ba. Marko ya sake daka tsawa, kowa ya sauke garkuwarsa, aka buɗe sahu aka nufi gaban 'yan kallo. Ni da me zan sauke? Haka na fito fili, ba hula, garkuwa a ka, kwanon silba yana walƙiya a sama, takobi a dama, hannun durowa mai furanni a hagu. Kowa ya zuba min ido. Can sai na ji muryar da na fi tsoro a duniya.

"Kai mai talla! Kawo mu gani, awara ce ko ɗanwake?"

Alhaji Sabo ke nan. Kanawa suka kwashe da dariya har wani yana faɗowa daga kujera, Turawa suka taya su ba tare da sun san me aka ce ba. Na ga wayoyi sun ɗago ana ɗaukar hoto. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma tunda an riga an jiƙe, me ya rage na tsoron ruwa? Na miƙe wuya, na buga ƙafa, na yi faretin nan har ƙarshe, na juya dama na juya hagu, garkuwa ko gezau. Kafin mu kai bakin fili dariya ta koma tafi, yara suna bin bayana da littattafai a ka suna kwaikwayo.

Da aka tashi na ga Marko ya nufo ni, na ce shi ke nan, ni da akwatin kago mutu ka raba. Ya karɓi hannun durowar ya jujjuya shi, ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya sauke garkuwar daga kaina, ya ɗora ta a kan yatsunsa, ya saki. Ta tsaya cak. Ya daina dariya, ya shafa lanƙwasar, ya bi ɗinkin fatar da farce.

"Wa ya daidaita wannan?" ya tambaya da Turanci.

Na ce ni ne.

"Mariƙinka abin kunya ne, habibi," in ji shi. "Sauran kuwa aikin gwani ne. Ka zo kamfani ranar Asabar. Aikinka na farko, ka yi mata mariƙin kirki."

Daɗin da na ji ranar, ko ranar da aka ba ni biza ban ji irinsa ba. Na yi shekaru a kamfanin nan, ban ƙara buga akwatin kago ba sai wanda na zuba kayana da zan dawo gida. Alhaji Sabo ma ya daina ce min Mai Akwati. Ya koma Sojan Rum Mai Gammo, kuma har yau in na ratsa Kantin Kwari sai wani ya tambaye ni ko awarar ta ƙare. Ina amsawa da fara'a, don wannan sunan da gumina na samo shi.

Hannun durowar yana nan, na kafa shi a jikin akwatin kayan aikina, inda ya dace da shi tun farko. Kuma tun daga ranar, duk wanda ya kawo min hoton aiki, ko na kujerar tsugunne ne, ba na taɓa zarto sai na ce, "Ranka ya daɗe, a nuna min bayanta."