Yadda Za Ka Zaɓa wa Jikarka Jarrabawar Fita Waje Ko da Ba Ka San Bihim Ba

Kai mai riƙe da wannan takarda, gyara zama. Idan kana da ɗa ko jika da ya tasa ka gaba da maganar karatu a ƙasar waje, aka kuma ce sai ya ci jarrabawar Turanci kafin a karɓe shi, to kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan yadda na jera su, ni na tsaya maka, yaronka zai hau jirgi. Ban ce da wuri ba, ban kuma ce ba za a yi kuka ba. Amma zai hau.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Ban taɓa zama a aji ba, ko inuwar makaranta ban shiga ba sai ranar da ruwan sama ya tare ni. Amma na ja babbar mota tun ubanka yana wasan ƙasa. Birki ya tsinke mini a gangare, gada ta karye da ni da kaya, likitoci sun yanka ni sun ɗinke sun sake yankawa, ga ni nan ina cin abinci da haƙorana. Ni ke faɗa, mai shagon buga takardu ke rubutawa. In ka ga kuskure, nasa ne.

A kan jikata na gwada wannan ilimi, 'yar babban ɗana, wadda ta tashi a ɗakinmu ni da Tsohuwa. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake kiranta. Wata makarantar koyon aikin jinya a can waje ta ajiye mata gurbi, da sharaɗin ta kawo sakamakon jarrabawar kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. In aka rufe ba ta kawo ba, gurbi ya zama na 'yar wani.

Mataki na 1: Ƙwace maganar daga hannun masu boko

A kowane gida akwai mai tabarau. A nawa, uban yarinyar ne, malamin makaranta. Za ka same shi ya baje takardu a tebur yana bayani cewa jarrabawar ba ɗaya ba ce: akwai ta masu zuwa karatu, akwai ta masu zuwa neman aiki da zama, akwai wadda makaranta ke karɓa, akwai wadda ko kallo ba ta ishe ta ba. Ƙyale shi. Bari ya yi ta yi har yawun bakinsa ya ƙafe.

Sannan ka yi gyaran murya. Ba irin na mai mura ba, irin na mai gida. Ka tuna masa cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ka ce gobe kai za ka kai ta da kanka. Zai buɗe baki ya rufe. Amfanin haihuwar mutum ke nan.

Mataki na 2: Je ofishin da ƙafarka, ka riƙe sanda

Sandar ba don ƙafa ba ce, don a ba ka kujera ce. Ofishin da muka je yana saman wani kantin magani, matakala ƙunci kamar maƙogwaron kaza. A ciki kujerun roba ne jere, fanka tana juyi tana kuka, samari da 'yan mata kowa ya toshe kunne da waya yana motsa baki shi kaɗai kamar masu zazzaɓi.

Wata mai dogayen farata ce a bakin tebur. Ta ce makarantar jikata tana karɓar iri biyu, kowace kuma kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu, da magana. Wai a wajen saurare sau ɗaya ake sa murya, in ka rasa ka rasa. Na ce mata wannan ba sabon abu ba ne, haka Tsohuwa take yi mini tun muna da baƙin gashi.

Kada ka ɓata lokaci a kan karatu da rubutu, wannan aikin yara ne. Tambaya ɗaya ce ta dattijo: a wajen maganar, da wa za a yi? Ta ce a ɗayar kwamfuta ce, a sa maka abin ji a kunne ka yi ta zuba tana ɗauka. A ɗayar kuwa mutum ne da jini a jika, ku biyu a ɗaki, tebur a tsakani.

Mataki na 3: Zaɓi mai mutum

Wannan shi ne ƙashin bayan ilimin duka, ka buɗe kunne. Na'ura ba ta da uwa. Ba a gaishe ta, ba a tambayarta gajiya, ba ta san 'yar gidan mutunci ba in ta gani. Ni kuwa duk shingen da na tarar a hanya, mutum ne a tsaye a bakinsa, kuma ban taɓa ganin shingen da gaisuwa ba ta ɗaga ba.

A nan yarinya za ta so ta kawo maka cikas. Tawa ta matso ta ja hannun rigata, murya ƙasa-ƙasa.

"Tsoho, ni ta kwamfutar na fi so. Da ita na saba a waya. In na ga baƙon ido, harshena ɗaurewa yake yi."

"Uwata," na ce, "wanda birki ya tsinke wa a gangare bai mutu ba, shi ne zai rasa sanin jarrabawa?"

Ka lura da wannan amsa, ka ajiye ta. Ba ta da alaƙa da tambayar, shi ya sa ba a iya mayar da ita. Mai farata ta dubi yarinya, yarinya ta dubi ƙasa, aka rubuta sunanta a ta mutum.

Mataki na 4: Koya mata yadda ake magana da manya

Tunda gaban babba za ta zauna, kada ka bar ta ta je ta zubar maka da mutunci. Zaunar da ita kullum da la'asar ka karanta mata dokoki. Ido a ƙasa. Amsa gajera. In ya tambaye ki ra'ayinki, ki nuna duk yadda ya gani daidai ne. In ya yi shiru, ke ma ki yi shiru, ba a katse wa babba tunani. Baki shi ke yanka wuya.

Mai tabarau zai leƙo ya ce ai su so suke a yi ta magana, a kawo dalili, har a yi musu. Tambaye shi ƙasashe nawa ya taka. Zai koma.

Ni na ɗauki makonni ina yi mata bayanin amfanin taƙaita zance, wani lokaci tun rana na tsaka har inuwa ta cinye tsakar gida. Ba ta taɓa katse ni ba. Na ce a raina, yarinyar nan ta ƙware.

Mataki na 5: In sakamako ya fito, nemo mai laifi da wuri

Ga yadda aka yi, kamar yadda ta ba kakarta labari ni kuma na ji ta bayan labule. Mutumin ya miƙa mata ɗan kati, ya ce ta yi magana minti biyu ba tsayawa a kan wata tafiya da ta ji daɗinta. Ta faɗi inda ta je, ta ce ta ji daɗi, ta gode masa, ta sunkuyar da kai. Ya yi shiru yana jiran ƙari. Ita ma ta yi shiru tana jiransa. Haka suka zauna suna girmama juna har lokaci ya cika.

A saurare da karatu da rubutu ta wuce abin da makaranta ke nema. A magana ta gaza da rabin maki. Rabi, ko cikakke bai kai ba. Da na ce ai ana iya zuwa a roƙi mutumin ya cike, tunda mutum ne, sai ubanta ya tashi ya fita ba sallama.

Gida zai yi maka zafi, ka shirya. Yarinya za ta rufe kanta a ɗaki. Tsohuwa za ta dire maka kwano kamar da shi suka yi faɗa. Kada ka karaya. Ka ɗora laifin a kan fankar ofishin, ko a kan mai jarrabawar da ba a koya masa darajar kunya ba, ko a kan zamani. Zamani ya fi sauƙi, ba ya ramawa.

Abin da ya rage mata zaman jarrabawa ɗaya ne tak kafin makaranta ta rufe ƙofa. Komawa ta kwamfuta kuma ya wuce, tsarinta daban ne, babu lokacin koyo. Ka ga ke nan zaɓina ya tabbata.

Mataki na 6: In ta dawo neman ilimi, kada ka yi rowa

Bayan kwanaki sai ga ta ta fito, ido a kumbure, ta jawo 'yar kujera ta zauna gabana. Na zaci ƙorafi ne, har na tanadi maganar birki. Sai ta ce in ba ta labarin ranar da gada ta karye, tun daga farko.

Labarin da kowa a gidan ke tuna yana da aiki a waje in na fara shi.

Na ba ta. Da na gama ta juya ta fuskanci bango ta maimaita shi da Turanci, har da ɗaga hannu yadda nake yi in na zo wurin da ruwa ya kai gilashi. Washegari ta nemi na birki. Rana ta uku na likitoci. Daga nan ta fara tsayar da ni da tambaya.

"Tsoho, in abin faɗa ya ƙare maka, yaya kake yi?"

"Abin faɗa ba ya ƙarewa, Uwata, sai dai numfashi. In kin ga labari zai mutu, ki ƙara wa kogin zurfi."

"In mai sauraro ya gaji fa?"

"Ki kafe shi da ido. Mutum ba ya iya tashi ana kallonsa. In ya buɗe baki zai sa magana, ki ce masa ai ba ka ji komai ba tukuna."

Na san za ka ce wannan ya saɓa wa mataki na huɗu. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ne ke zaton hanya ba ta da kwana.

Tsohuwa tana daga bakin murhu tana cewa shekara da shekaru tana roƙon Allah ya rage mata mai surutu ɗaya, ga shi an ƙara mata na biyu. Kada ka kula irin wannan. Hassada ga mai rabo taki ce.

Mataki na 7: Karɓi yabo tun kafin a miƙo

Ranar zama na biyu na raka ta, na zauna a kan benci a ƙofar kantin magani. Da ta sauko sai na ga tana tafe tana danne dariya. Wai katin da aka ba ta cewa ya yi ta kwatanta wani tsoho da ta sani.

Ta ce tun tana kan gada mutumin ya ɗaga hannu alamar lokaci ya cika. Ta kafe shi da ido ta shiga gangare. Ya ce ya gode. Ta ce masa bai ji komai ba tukuna. Sai da ya ajiye biro ya sake godiya, sannan ta saki maganar a ƙofar asibiti.

Na tambaye ta me ta faɗa masa a kaina.

"Gaskiya zalla, Tsoho. Na ce masa a duk rayuwarka ba ka taɓa yin kuskure ba."

"Me ya ce?"

"A nan ne ya yi dariya."

Ka ji ko? Murna ce ta kama shi. Kwamfuta za ta yi wannan?

Sakamako ya fito ana gab da rufewa, makin magana ya fi sauran duka. Kada ka jira mai tabarau ya zo ya ba ka haƙuri, girman kai ba zai bar shi ba. Fita ka zaga unguwa. Faɗa wa mai aski, faɗa wa mai gyaran taya, faɗa wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa gaishe ka, cewa kai ka zaɓi jarrabawar, kai ka koyar, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mataki na 8: A filin jirgi

Sa babbar rigarka. Tsaya a miƙe. In ta durƙusa gabanka ta riƙe hannunka da hannu biyu, ka sa mata albarka a taƙaice, don a nan murya ba abar yarda ba ce. Za ta shiga wata ƙofar gilashi da ba a barin mai rakiya ya wuce. Akwai mutum a tsaye a bakinta. Na gaishe shi sosai. Bai ɗaga ba.

Ba ruwan mai wannan takarda

Yanzu ka saurara, don kada gobe a nemi ni da shari'a. Shawara na ba ka, ban ɗaura maka igiya ba. In yaronka ya faɗi, ƙwaƙwalwar dangin uwarsa ce. In ɗanka ya daina zama cin abinci tare da kai, tarbiyyarka ce. In matarka ta yi maka yajin magana, ka gode wa Allah ka huta.

In kuwa yarinya ta ci, ta tafi, ka dawo gida ka tarar an naɗe katifarta an jingine a bango, wannan ma ba hannuna. Hawa jirgi na yi maka alkawari, kuma ta hau. Ban ce maka zan san abin da za ka yi da la'asar ba. Kada ka zo ƙofata da ƙorafi.

In kuma ka nace sai ka zo, to ka zo da wuri, kada ka zo a tsaitsaye. Akwai wurin zama.