Ƙudan Gashin Tsalha

Wani mutum ne a Unguwar Dam, ana ce masa Tsalha Direba. Wata huɗu kacal ya yi yana tuƙa wani Bature injiniya, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya haƙa dam ɗin da farcensa. Babban abin taƙamarsa shi ne ya koyi ɗaurin ƙudan gashi. A cewarsa, ƙugiya ake samu, a naɗe ta da zare da gashin wuyan zakara, ta zauna bisa ruwa ba ta nitsewa. Kifi ya ɗauka ƙwaro ne, ya zo da kansa.

"Ku da tana kuke roƙon kifi," in ji shi. "Ni kiransa nake yi."

Ran nan Malam Hambali, tsohon hedimasta, ya tarar da jan zakaransa wuya tsirara kamar ungulu. Ba a tambaye shi ba, ba a ma yi masa sallama ba. Ya rungumi zakaran sai gidan mai unguwa, aka kira Tsalha.

"Ni na fige," in ji Tsalha. "Aikin ilimi ne, Malam. Ai kai ya kamata ka fi kowa ganewa."

"Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa fige kazar maƙwabci ba. Ranka ya daɗe, a bi mini hakkina."

Mai unguwa ya yanke: ranar Asabar a je bakin ruwa. In ƙudan ya zauna bisa ruwa, magana ta wuce. In ya nitse, Tsalha ya durƙusa gaban jama'a ya ba Malam haƙuri, ya ba zakaran ma haƙuri.

Tsalha ya koma gida ya cika daro da ruwa. Ya ɗaura na farko, ya jefa. Tsundum. Na biyu, tsundum. Har bakwai. Gashi ya ƙare, gumi ya karyo masa. Gaskiyar magana ita ce, daga cikin mota yake hango Baturen yana ɗauri.

Da safiyar Asabar ya shiga ciyawa ya kamo 'yar fara mai rai. Bai soke ta ba, don kada ta mutu ta lalace. Sai ya manna ta jikin ƙugiya da ƙaro, ya liƙa mata jiƙaƙƙen gashi biyu da ya tsamo daga daro a baya.

A bakin dam Malam ya gyara tabarau, ya miƙo hannu.

"Mu gani."

"Ba a taɓawa. Gumin hannu yana ɓata shi."

Tsalha ya kaɗa gorar kamun kifi sau uku bisa kansa, fiu, fiu, fiu, ya jefa. Abu ya sauka, ya zauna bisa ruwa daram.

"Kai, har ƙafa yake motsawa," in ji mai unguwa.

"Wannan ƙaramin ɗauri ne," in ji Tsalha, yana tura hula gaba. "Babban ba na yin sa gaban jama'a."

To shi ƙaro ba ya shiri da ruwa. Kafin Tsalha ya gama gyara hula, ƙaron ya narke. Ƙugiya ta yi ƙasa abinta. Ƙudan kuwa ya juyo, ya kama iyo, cak, cak, cak, ya nufo gaɓa. Jama'a suka matsa suka ba shi hanya. Ya fito, ya karkaɗe gashin, ya goge fuska da ƙafafun gaba, ya yi tsalle ɗaya ya dira kan farar rigar Malam Hambali.



Tsalha ya share murya. "Haka masu kyan suke. In ba kifi a wurin, dawowa suke yi."

Malam ya kama farar da yatsa biyu. Ya duba ta sama da ƙasa. Sannan ya duba ƙirjin rigarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ranka ya daɗe, zo ka zama shaida. Zaren Tsalha ya yi mini kashi a riga." Ya juyo. "Durƙusa. Ka fara da zakaran, shi ya riga ni shan wahala."