Hedimasta da 'Yan Tsanarsa Masu Waƙa

Allah ya yi wa makarantarmu baiwa da hedimastan da babu fannin da ya gagare shi. Mu malamai Masana muke kiransa, don ilimin ya yi wa mutum ɗaya yawa.

Bana ya sayo 'yan tsana biyar na lantarki, masu buɗe baki su rera waƙa. Ta iska suke haɗuwa da fiyano, abin kiɗan nan mai maɓallai, ba waya ba igiya. Duk maɓallin da aka danna sai su bi shi da murya, muddin fiyanon na kusa. Haka takardar cikin kwalin ta ce. Masana bai karanta ba, wai takardar bayani ta masu ƙaramar fahimta ce.

Kullum a wajen gwaji sai ya jera su kan tebur, ya ɗaga rula, su ɓarke da waƙa. Malamar kiɗa kuwa, baiwar Allah mai kawaici, tana can lungu ta kashe ƙarar fiyanonta, tana dannawa daidai da hannunsa don kada ya kunyata.

"Kun gani?" in ji shi. "Har roba ta san shugaba. To me za mu yi da malamar kiɗa? Bayan taron iyaye sai ta nemi wani wurin."

Abin ya yi mana ciwo, don matar ta iya aikinta. Amma wa zai faɗa wa Masana?

Ranar taron ya sa ta kai fiyanon sito, can bayan fili, wai yana tare wa iyaye gani. Ya gyara kwat, ya yi jawabin minti arba'in kan baiwar shugabanci, sannan ya ɗaga rula.

Shiru.

Ya sake ɗagawa. Ya buga tebur. 'Yan tsana suka zuba masa ido.

"Baƙunta ce," ya ce wa iyaye. "Ba su saba da jama'a ba."

Malama ta hango gumi na tsiyaya daga haɓarsa, tausayi ya kama ta. Ta lallaɓo da fiyanon bayan taga, ta danna. Daidai lokacin Masana ya ajiye rula yana fyace hanci da hankici, waƙa ta cika ɗakin.

Iyaye suka ɗau tafi, idonsu na kan taga.

"Wannan ita ce sabuwar dabarar," in ji Masana, yana kaɗa hankicin sama.

Nan take kwamitin iyaye ya ce malama ba inda za ta je. Shi kuma, don kada gwaninta ta tafi a banza, suka saya masa hankici dozin guda.