Yadda Na Yanke Gaisuwar Kakana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunna wa kakana muryarsa a gaban mutanen Likoro ba. Har yau in abin ya faɗo mini, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muna zangon farko a kwaleji, ana koya mana haɗa shirin rediyo da talabijin: riƙe makirfo, auna sauti, da tace murya a kwamfuta, wato yanke abin da ba a bukata. Tacewar nan ita ta shiga raina. Malaminmu yakan ce, "Mai sauraro ba ya jira. Abin da ba labari ba ne, a cire." Ya kuma ce a riƙa ajiye ainihin abin da aka ɗauka kafin a taɓa shi (ina jin lokacin da ya faɗi wannan ina duba waya).

Da aka ba mu aikin hira ta minti biyar, sai na hau mota daga Ikara zuwa Likoro wurin kakana Malam Idi, tsohon manomin dawa. Wasan kaka da jika muke yi, shi ya ce mini amarya, ni in ce masa tsoho. Na kunna na'urar ɗaukar murya ta wayata, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi karatu, ya tambayi ko ruwa ya sauka a wajenmu. Sannan ya yi bisimilla ya faɗi yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun a gona, a rataye ta inda hayaƙi ke bugunta saboda ƙwari. Da ya zo kan cewa marigayiya kakata ce ke wannan zaɓen, sai ya yi shiru mai tsawo. Can ya yi dariya, ya ce hancinta kawai na gada, ban gaji haƙurinta ba. A ƙarshe ya sa mini albarka.

Na koma makaranta na hau yanka. Gaisuwa ta tafi, bisimilla ta bi ta. Shirun nan da maganar kakata na share, har numfashin tsohon ban bari ba. Ainihin hirar kuwa na goge ta, don wayata ta cika da hotunan bikin ƙawata. Na sami maki mai kyau, kaina ya kumbura.

Da hutu na kai masa. Ashe ya gaya wa kowa jikarsa ta sa shi a rediyo. Bayan la'asar maƙwabta suka cika ƙofar gida, har da liman. Shi kuwa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a (ban iya gaya masa cewa ba a ganin mutum a rediyo ba). Na ɗora lasifika a kan tabarma na kunna.

Abin da ya fara fita muryata ce, ba sallama ba komai: "Yaya ake adana iri?" Kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo. Sai ga kakana yana zuba bayani ba numfashi, ba sunan Allah, ba dariya. A aji na ji daɗin shirin nan. A kan tabarmar nan kuwa, wata marar tarbiyya na ji tana titsiye dattijo.

Shirin ya ƙare. Can liman ya gyara murya ya ce, "Malam Idi, yarinyar ba ta gaishe ka ba ne?"

Na fara kame-kame ina bayanin tacewa. Kakana bai ko saurare ni ba. Ya ce, "Ina wurin da na ambaci kakarki?"

Na ce, "Tsoho, shirun ne ya yi yawa."

Ya dube ni ya ce, "Ai shirun nata ne."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da ya ga idona ya kawo ruwa, shi ne kuma ya cece ni. Ya juya ga jama'a ya ce, "Ku ƙyale ta, amarya ce. Kunyar gaida miji take yi a gaban mutane." Aka yi dariya, ni ma na yi ta dole.

Na yi alkawarin dawowa mu sake ɗauka bayan girbi. Jarrabawa ta zo, na ce sai wani hutun. Kafin hutun Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu abin da ya rage mini na muryarsa shi ne wannan minti biyar ɗin. Duk lokacin da kewarsa ta kama ni na kunna, sai ya koya mini rataye dawa cikin gaggawa. Ba "amarya", ba dariya, ba albarkar da ya sa mini. Da hannuna na cire su, aka kuma ba ni maki.

Tun daga nan ba na taɓa hira sai na ajiye ainihinta wuri biyu. In kuma kun ji ina jan gaisuwa da wani dattijo a shirina har kun ƙosa, ku yi haƙuri. Ramuwa nake yi.